Babi Na Shida: Idan Kitse Ya Tarar Da Ciwon Hanta

Yawancin masu ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B a ƙasar Hausa ba rashin lafiya ce ta kai su ga sanin haka ba. Wani ya je ba ɗan'uwansa jini ne aka ce nasa ba zai yiwu ba. Wani gwajin kafin aure ne ya tona. Wata kuwa awon ciki ta je. Daga ranar da aka faɗa wa mutum, hankalinsa kan tattare a wuri guda: ƙwayar nan nawa ce a jini, ta ƙaru ko ta ragu, yaushe za ta fita. Ana cikin haka sai likita ya tura shi hoton ciki, takarda ta dawo da wata magana da bai taɓa ji ba, wai akwai kitse a hanta. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

A nan mutane kan rabu biyu. Wasu su ɗauka ƙwayar ce ta ci ta cinye har ta fara mayar da hanta kitse, su shiga neman magani ido rufe. Wasu kuma su yi murmushi su ce ai kitse ne kawai, wane mai rufin asiri ne ba shi da shi? Duka biyun sun kuskure, sai dai kuskuren na biyun ya fi tsada.

Hantar babban mutum ta kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma duk abin da hanji ya tsotsa daga abinci, in ban da wani ɓangare na maiƙo, ta cikinta yake fara bi. Idan sukari ya yi yawa takan adana kaɗan, ragowar ta juya shi ya zama mai. Shi man ba ta son riƙe shi. Takan ƙunshe shi da furotin ta sake shi cikin jini ya tafi inda ake bukata. Wannan man da ke yawo a jini shi ake aunawa idan likita ya ce ka zo da safe kada ka karya. Takardar gwajin kan fito da layi huɗu: jimillar kolestarol, sai LDL wanda ke maƙalewa a jikin hanyoyin jini, sai HDL mai kwaso shi ya mayar wa hanta, sai tiraigiliseraid. Wannan na ƙarshe shi ne irin man da ke taruwa a cikin hantar kanta. Idan ya cika fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin naman hanta, likitoci sun kira shi kitsen hanta. Kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku ko huɗu a duniya yana da shi, kuma akasarinsu ba su taɓa jin ko da ɗan ciwo ba.

Daga ina wannan kitse yake fitowa? Kowa zai ce daga cin mai. A shekarar 2005 wasu masu bincike a jihar Minnesota ta Amurka sun bi sawun man da ke cikin hantar masu wannan larura, suka tarar kashi 15 cikin 100 ne kacal ya zo kai tsaye daga maiƙon abinci. Kashi 59 ya kwararo ne daga kitsen da ke jibge a jiki, sannan kashi 26 hantar ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da abinci mai sitaci. Faransawa sun daɗe da sanin haka ta wata hanya. Suna da wani abincin alfarma da ake yi da hantar agwagwa ko dinya wadda kitse ya cika ta har ta ninka girmanta sau da yawa, kuma abin da suke ɗura wa tsuntsayen masara ce zalla. Mai kiwon ragon layya ma shaida ne: dusa da harawa da hatsi yake zuba masa a turke, bai taɓa ba shi mai ba, amma ranar yanka sai an cika kwano da kitse.

Abin da ke tunkuɗo kitsen jiki zuwa hanta shi ne lokacin da jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Wannan ita ce matsalar da ke kai mutum ga ciwon suga, shi ya sa kitsen hanta da tumbi da suga da hawan jini suke tafiya tare. Wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Jurgen Ludwig, shi da abokan aikinsa suka bayyana mummunan nau'in cutar a 1980, bayan sun ga hantar mutanen da ba sa shan giya ta yi kama da ta mashaya. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sake wa cutar suna suka taƙaita shi da MASLD, suka kuma gindaya cewa bayan ganin kitsen sai an sami aƙalla ɗaya daga cikin waɗancan abokan tafiya kafin a kira ta da wannan suna.

To, ina ƙwayar B ta shigo? A nan labarin yake ɗaukar wata kwana da ba a zata ba.

'Yar'uwarta, ƙwayar C, musamman jinsinta na uku, da kanta take cusa wa hanta kitse, kuma idan aka kashe ta kitsen kan ragu. An daɗe ana zaton ita ma B haka take, tun da a ɗakin gwaji an ga wani furotin nata yana sa hantar ɓeraye tara mai. Da aka koma kan mutane sai lissafi ya juye. A 2012 Farfesa Vincent Wong da abokan aikinsa a Hong Kong suka auna man hantar mutum sama da dubu da aka zaɓo daga cikin jama'ar gari, da na'urar da ta fi hoton ciki gani nesa ba kusa ba. Cikin masu ɗauke da ƙwayar B, kashi 13.5 cikin 100 ne ke da kitsen hanta. Cikin waɗanda ba su da ita, kashi 28.3. A Koriya ta Kudu an bi mutum sama da 80,000 na tsawon shekaru, aka ga masu ƙwayar ba su kai sauran saurin kamuwa da kitsen hanta ba. Binciken Taiwan da na Sin sun sha nuna cewa tiraigiliseraid da kolestarol ɗin masu ƙwayar B sukan ɗan yi ƙasa da na sauran jama'a.

Wani ɓangare na dalilin ya fara bayyana a 2012 ɗin dai, lokacin da Li Wenhui da tawagarsa a Beijin suka gano ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga cikin naman hanta. Ashe ƙofar da ruwan matsarmama ke bi ya komo hanta ce, bayan ya gama aikin narkar da maiƙo a hanji. Shi kuwa ruwan matsarmama da kolestarol ake yin sa. Ƙwayar da ta tare wannan ƙofa dole ta taɓa yadda hanta ke sarrafa kolestarol. Ga kuma wani dalili da ba shi da daɗin ji: tun da hanta ce ke ƙera man da ke cikin jini, hantar da ta gaji ba ta iya ƙera shi da yawa. Mutumin da hantarsa ta riga ta motse, kolestarol ɗinsa kan faɗi ƙasa warwas. Wanda bai sani ba zai kalli takardar ya yi hamdala.

Kada a fahimci wannan da cewa ƙwayar B kariya ce. Wani nazari da Mariana Machado da abokan aikinta suka yi a Lisbon ta Fotugal a 2011 ya tattara bincike 17 da suka ƙunshi marasa lafiya 4,100, ya gano kusan kashi 30 cikin 100 na masu ciwon hanta nau'in B suna da kitsen hanta. Kuma abubuwan da suka jawo musu shi su ne dai masu jawo wa kowa: ƙiba, suga, yawan mai a jini, giya. Sai wani abu na biyu da nazarin ya fito da shi, wanda wasu da yawa suka tabbatar daga baya: mai kitsen hanta, adadin ƙwayar B da ke jininsa kan yi ƙasa. Likitocin Taiwan sun ma lura cewa masu kitse sun fi sauran dacewa da ɓacewar alamar cutar, wato HBsAg, daga jininsu.

Ga tarkon ke nan. Ƙwayar tana rage man jini, kitsen yana rage ƙwayar, takardu biyu duk sun fito da kyau, mara lafiya ya koma gida da farin ciki. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke kashe mai ciwon hanta shi ne tabo. Duk lokacin da wani abu ya ƙona naman hanta, jiki kan ɗinke wurin da wani zare mai tauri. Shekara da shekaru zaren na ƙaruwa har hanta ta taurare ta motse, jini ya kasa ratsa ta, ciki ya tara ruwa, ƙafa ta kumbura, wani ya yi aman jini. A kan irin wannan hanta ce ciwon daji ya fi tsirowa. Ita hanta ba ruwanta da wa ya ji mata rauni. Tabon ƙwaya da tabon kitse wuri guda suke taruwa.

Likitocin Toronto ta Kanada da na Rotterdam ta Holan sun bi masu ciwon hanta nau'in B sama da dubu waɗanda aka tsakuri naman hantarsu aka duba, na tsawon kimanin shekara goma. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna cewa waɗanda kitsensu ya kai ga kumbura hanta sun fi yawan tabo mai tsanani, kuma masu wannan haɗi sun fi saurin kai wa ga daji ko rasa rai. Wani bincike na Taiwan a 2008, wanda ya bi mutum 23,820 na shekara 14, ya ga ciwon suga ya ninka haɗarin dajin hanta kusan sau biyu ga mai ƙwayar B. Wanda kuwa ya haɗa ƙwayar cutar hanta da suga da muguwar ƙiba, haɗarinsa ya haura ninki 100 a kan wanda ba shi da ko ɗaya.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane kitse ne ke ƙona hanta ba. Wasu binciken na baya-bayan nan daga Taiwan sun nuna kitsen da ke kwance shi kaɗai bai ƙara wa masu ƙwayar B haɗarin daji ba, amma kowane ɗaya daga cikin suga da hawan jini da ƙiba da aka ɗora a kai yana ƙarawa. A ganina wannan bai sassauta wa kowa ba. Ya dai nuna inda ya kamata a duba. Idan an ce maka kana da kitse a hanta, tambayar da ke biye ita ce su wa suka rako shi, kuma ya fara barin tabo ko bai fara ba.

Hoton ciki ba ya amsa wannan tambaya. Wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin ya san yadda abin yake: a rage haske, a shafa maka wani abu mai sanyi da santsi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a ce ja numfashi ka riƙe. Abin da mai ɗaukar hoton ke yi a lokacin shi ne kwatanta hasken hanta da na ƙodar da ke maƙwabtaka da ita. Lafiyayyar hanta da ƙoda kusan launinsu ɗaya a allon, toka-toka. Mai kitse kuwa sai ta yi fari tas, ƙodar ta koma baƙa a gefenta. Sai kitsen ya kai kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kafin ido ya kama shi sosai, don haka "ba a ga komai ba" ba ya nufin babu. Kuma kitsen kan dusashe hoton, ya sa ƙaramin ƙullutun daji ya yi wuyar gani, alhali shi ake nema idan aka ce wa mai haɗari ya riƙa zuwa hoto duk wata shida. Na'urar da ke auna taurin hanta, FibroScan, ta fi dacewa, amma sai a manyan asibitoci ake samunta. Inda babu ita akwai wani lissafi mai araha da ake kira APRI, wanda ake fitarwa daga gwajin jini biyu da kusan kowane ɗakin gwaji ke yi: sinadarin AST da adadin ƙwayoyin daskarar da jini.

Yawancin alƙaluman da na kawo a kan ƙwayar B daga gabashin Asiya suke, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum miliyan 254 da ke ɗauke da ƙwayar B a 2022, miliyan 65 a yankin Afirka suke. A Najeriya babban binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 da ita. Akwai kuma wani bambanci da ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike a birnin Dallas na Amurka a 2004 ya sami kitsen hanta a kashi 45 cikin 100 na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na fararen fata, da kashi 24 na baƙaƙe. An kuma daɗe da lura cewa baƙar fata kan kasance da tiraigiliseraid daidai wa daida ko da jikinsa ya riga ya fara ƙin jin insulin. To a haɗa: mutum baƙar fata ne, yana da ƙwayar B, wataƙila ma yana shan maganin da ke ƙara sauke man jini. Irin wannan mutum takardar kitsen jininsa za ta iya fitowa fes alhali suga na bakin ƙofa. Igiyar awo ta tela ta fi wannan takarda faɗa masa gaskiya. A zagaya ta daidai cibiya. Namijin da ya haura santimita 94, ko macen da ta haura 80, ya shiga layin da ake sa wa ido, ko da sauran jikinsa siriri ne.

Yanzu sai mu shigo gida. Mu mutane ne masu ganin ƙiba da mutunci. In mutum ya yi tumbi a ce ya samu, in amarya ta cika a ce hutu ya karɓe ta, in kuwa ka rame a fara tambaya ko lafiya. Ga mai ciwon hanta abin ya ninku, don yana tsoron a ce cutar ce ke cin sa, sai ya dage da ci don ya rufe bakin mutane. Mafi muni shi ne sha-ka-fashe, ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata da matan aure ke saye a kemis ba takardar likita, waɗanda galibi deksametason ne ko a haɗa shi da maganin buɗe ciki. Deksametason yana tara kitse a ciki da fuska da hanta, yana tayar da suga. Ga mai ƙwayar B kuwa yana da wata ɓarna ta daban: yana kwantar da garkuwar jiki, ƙwayar da ke kwance ta farka ta hayayyafa, ranar da aka daina sha garkuwar ta dawo ta auka wa hanta gaba ɗaya. Wannan kan kai ga shawara mai tsanani, har hanta ta tsaya. Mace mai ƙwayar B da ke shan sha-ka-fashe da ranta take wasa, kuma mai kemis ɗin da ya miƙa mata yana da kamasho a alhakin.

Sai kuma dokokin abinci da 'yan'uwa da maƙwabta ke kafa wa mara lafiya. Irin hirar nan ba baƙuwa ba ce a ɗakin likita:

"Likita, ai ni tun da aka ce ina da ciwon hanta na bar mai. Nama da ƙwai ma na daina."

"To me kike ci, Hajiya?"

"Farar shinkafa, sai taliya, sai burodi da shayi. Ina yawan shan rake da lemo, an ce suna wanke hanta."

Baiwar Allah ta guji kashi 15 ɗin nan na maiƙon abinci ta rungumi abin da ke ciyar da sauran. Nama da kifi da ƙwai da wake da ta bari su ne hanta ke bukata don gyara kanta, kuma su ke riƙe tsoka. Shi kuwa sukari rabinsa furuktos ne, wanda hanta ce ke ɗaukar kusan duk nauyin sarrafa shi, kuma in ya zo da yawa a ruwa cikin sauri take juya shi mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma kwalbar lemo guda mai rabin lita na iya cinye wannan kason. Ba lemon kwalba kaɗai ba. Zoɓon da aka zuba wa sukari har ya yi danƙo, kunun aya, fura da nonon da sai an ga sukari ya kwanta a gindin kwano, shayin mai shayi da madarar gwangwani, duk lissafinsu ɗaya. Watan azumi da ya kamata ya zama hutun hanta, a gidaje da yawa shi ne watan da aka fi shan zaƙi da cin suya. Zancen giya kuwa gajere ne: burkutu ko ta kwalba ko 'yar leda mai ɗaci da ake cewa ta maganin basir ce, mai ƙwayar B ba shi da rabo a ciki ko kaɗan.

Idan an ce a koma ga gyaɗa a madadin kayan zaƙi, shawara ce mai kyau, amma da sharaɗi. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi a rumbu kan yi fumfuna mai fitar da dafin afalatoksin, kuma wani bincike a Shanghai a farkon shekarun 1990 ya nuna wanda ya haɗa wannan dafi da ƙwayar B haɗarin dajin hantarsa ya kai kusan ninki 60. Gyaɗar da ta motse, ta canza launi ko take ɗaci, a zubar. Ƙuli-ƙuli da tunkuza da ba a san irin gyaɗar da aka yi su da ita ba, a yi hattara.

Maganin ƙwayar ma yana da nasa tasirin a kan man jini. Tenofobir, ɗaya daga cikin magungunan, iri biyu ne. Tsohon, TDF, wanda aka amince da shi don ciwon hanta a 2008 kuma shi ya fi samuwa a wurinmu, yana sauke kolestarol. Sabon, TAF, na 2016, ya fi sauƙi ga ƙoda da ƙashi amma ba ya wannan saukewar, don haka wanda aka sauya masa daga tsohon zuwa sabon kan ga kolestarol ɗinsa ya ɗaga, wani ma ya ƙara nauyi. Ba abin tayar da hankali ba ne, amma dalili ne na sake gwajin bayan sauyi. Wani abin da ke rikita marasa lafiya shi ne a sha magani shekara guda, ƙwayar ta ɓace daga awo, amma sinadarin ALT mai nuna ƙunar hanta ya ƙi sauka. Sai a ce magani ba ya aiki, a watsar a koma jiƙe-jiƙe. Sau da yawa maganin ya yi aikinsa, kitse ne ke ci gaba da ƙunar. A lura kuma, takardun gwaji da yawa suna rubuta 40 a matsayin iyakar ALT, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da ita ga masu ƙwayar B ita ce 30 ga maza, 19 ga mata.

A watan Maris na 2024 hukumar ta fitar da sababbin ƙa'idojin kula da wannan cuta, ta faɗaɗa waɗanda suka cancanci a ɗora su kan magani. Cikin dalilan da ta lissafa har da ciwon suga da kitsen hanta irin na MASLD, ko da adadin ƙwayar bai yi yawa ba. Wanda aka taɓa ce masa nasa bai kai na shan magani ba, in yana da ɗayan waɗannan, ya dace ya koma a sake duba lamarinsa.

Akwai tsoron da ya kamata a cire game da sitatin, magungunan rage kolestarol. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna gudunsu ga mai ciwon hanta. Matuƙar hanta ba ta kai ga gazawa ba, sitatin ba ya cutar da ita, kuma manyan nazarce-nazarce a Taiwan da Suwidin sun ga masu ciwon hanta da ke shan sa ba su kai sauran kamuwa da daji ba. Wannan lura ce aka yi, ba a kai ga rubuta shi don rigakafin daji ba. Amma wanda ke bukatarsa saboda suga ko yawan LDL, kada a hana shi, domin abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Wanda hantarsa ta riga ta gaza, mai ruwa a ciki ko shawara, shi ne sai ƙwararren likita ya yanke. Sabon maganin kitsen hanta da Amurka ta amince da shi a 2024, resmetirom, ba a gwada shi a kan masu ƙwayar B ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka.

Abin da aka tabbatar yana aiki ba a kemis yake ba. Wani bincike a Kuba a 2015 ya tsakuri hantar mutum 293 kafin da bayan shekara guda ta rage ci da motsa jiki. Waɗanda suka sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, tara cikin goma kumburin hantarsu ya warke, kusan rabinsu ma tabon ya ja baya. Ko kashi 5 yana rage kitsen. Ga mai kilo 90, ana maganar kilo 4 da rabi zuwa 9 ne cikin watanni, a hankali, ba da yunwar ganganci ba. A rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye, a fifita gero da dawa da wake da acca a kan farar shinkafa da fulawa, zogale da rama da kuɓewa su yawaita a kwano. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 150 a mako tana rage man hanta ko da sikeli bai motsa ba, kuma minti 30 bayan sallar asuba sau biyar a mako ya biya. Wanda ya ajiye babur ya taka zuwa kasuwa ya fara. Sai dai wanda hantarsa ta riga ta motse, ko wanda yake ramewa ba da niyya ba, wannan shawara ba tasa ba ce, shi likita zai gani da gaggawa.

Mai karatu, in kana ɗauke da wannan ƙwaya, zuwanka asibiti na gaba kada ka tsaya a tambayar adadinta kawai. Ka nemi a auna maka suga da hawan jini da kitsen jini, a lissafa maka APRI, ka kuma faɗa wa likita duk abin da kake sha, na kemis da na gargajiya. In an ɗora ka kan maganin ƙwayar, tenofobir ne ko entekabir, kada ka daina don ka ji sauƙi ko don kitse ya ragu, sai da izinin likitan da ya rubuta maka.